Wallahi gidan nan na Japan sun fi mu tawakkali

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abu ne ya tokare min wuya tun jiya. Kwana huɗu na yi ina kallon wani fim ɗin Japan mai dogon zango, Ichi Rittoru no Namida, wato hawaye lita ɗaya. Tashar Fuji ce ta nuna shi a 2005, kashi 11 ne. Labarin wata yarinya ce, Aya, tana shekara 15 cuta ta kama ta, tafiya ta fara gagararta, daga baya rubutu, daga baya magana, iyayenta suna ji suna gani tana ƙarewa a hannunsu, ba magani. Uban mai sayar da awara ne, uwar ma'aikaciyar lafiya. Daren jiya ina wajen da za ta bar makarantarsu, saboda iyayen 'yan ajinsu sun taru sun ce tana ja wa 'ya'yansu baya a karatu, ina kuka har da shessheƙa, sai ƙanwar maigidana ta shigo ta tsaya a kaina ta ce wai ina zubar da hawayena a kan mutanen da ko alwala ba su sani ba. Ban tanka mata ba. Amma ita wannan ɗin, da ƙanina ya rasu bara waccan bayan shekara 19 yana fama da sikila, ita ce ta fara ce min in yi shiru kuka babu kyau. Kuma lokacin da yake raye, a cikin dangi akwai wanda ya ce wa mahaifinmu a daina ɓarnar kuɗin asibiti, yaron ba mai daɗewa ba ne. A fim ɗin nan ba wanda ya ce wa Aya haka a gidansu. Ƙaninta ya ji kunyarta sau ɗaya a gaban abokansa, ƙanwarta ta wanke shi tas. Ni dai na ce wallahi gidan nan sun fi mu tawakkali, kuma mu duba yadda muke yi wa marasa lafiyarmu.

Anti Talatu: Allah ya jiƙan ƙaninki, ya sa ya huta. Ki yi haƙuri ƙanwata.

Ummu Sudais: Amin. Amma Maman Hanifa ki janye kalmar nan. Tawakkali fa kika ce. Tawakkali dogaro ne ga Allah. Wanda bai yi imani da Shi ba, da wa zai dogara har ya fi ki?

Maman Hanifa: 'Yar uwa kin gane abin da nake nufi ai.

Ummu Sudais: Na gane abin da kika rubuta. Shi nake gani a gabana.

Malam Mai Littattafai: Gaskiyar Ummu Sudais ce. Kalmar daga Larabci muka aro ta, asalinta ɗaya da wakili da wakilci: ka miƙa lamarinka ga wanda zai tsaya maka. Idan babu wanda aka miƙa wa, babu tawakkali. Abin da Hajiya ta gani a fim ɗin sunansa dauriya, ko juriya. Jaki ma yana da juriya.

Bazazzagiya: Haba Malam, jaki kuma? Mutane suna jinyar 'yarsu ka kawo jaki?

Malam Mai Littattafai: Misali ne na harshe, Hajiya, ba zagi ba ne.

Bazazzagiya: To misalin bai yi ba. Kuma a Hausar da muke yi kullum, in aka ce wance tana da tawakkali, ana nufin ta karɓi abin da ya same ta ba ta tayar da hankalin kowa ba. Ba wanda yake buɗe ƙamus a gidan makoki.

Abban Walid: Wai ni tsaya, fim ɗin Chana ne ko na Koriya?

Maman Hanifa: Japan na rubuta, Abban Walid.

Abban Walid: Ai duk ɗaya ne.

Ɗan Damagaram: In duk ɗaya ne, to mu da Mali da Sanagal ma duk ɗaya ne. Ka je ka gaya wa mutumin Koriya shi da Japan ɗaya ne ka ga abin da zai biyo baya. Shekara 35 Japan ta yi tana mulkinsu, daga 1910 zuwa 1945, har yau ba su gama maganar ba.

Abban Walid: Ni tambaya na yi, ba darasin tarihi na nema ba.

Ummu Sudais: Mu koma kan kalma. Na kalli fim ɗin nan shekarun baya, kada a ɗauka ina magana a kan abin da ban sani ba. Akwai wajen da yarinyar take tambayar uwarta me ya sa cutar ta zaɓe ta ita. Wannan shi ne tawakkalin? Mumini yana cewa me ya sa ni?

Nas Hadiza: Ummu Sudais, shekarata 12 a ɗakin marasa lafiya. Wallahi na ji wannan tambayar daga bakin mahaddata, na ji ta daga bakin tsofaffi masu carbi a hannu. Ƙarfe biyun dare, in ciwo ya ciyo, mutum yana faɗin abin da ba zai faɗa da rana a gaban 'yan dubiya ba. Da safe ya yi istigfari ya ci gaba. Yarinya 'yar shekara 15 aka gaya wa za ta daina tafiya, ki bar ta ta tambaya mana.

Ummu Sudais: Su sun yi istigfari, kin faɗa da bakinki. Ita fa?

Nas Hadiza: Ni ba a ba ni littafin kowa ba. Abin da zan iya gaya muku shi ne ita cutar, don na ga ana ta wuce ta kamar ba ita ce tushen maganar ba. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke can ta ƙeya, shi yake daidaita motsin jiki, shi ya sa kike iya kai loma bakinki ba ki kai ta kunne ba. Shi ne yake lalacewa a hankali, tare da lakar baya. Mutum ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ya riƙa faɗuwa ba ya iya tare kansa da hannu, harshe ya yi nauyi, a ƙarshe haɗiyar abinci ma ta zama haɗari saboda ƙwarewa. Abin da ya fi ciwo, hankali yana nan daram. Tana sane da duk abin da ake faɗi a kanta. A nan wajenmu irin wannan yaron sau nawa ake cewa jifa ne ko iska, a yi ta yawo da shi gidan masu magani har a gaji a ajiye shi a ɗaki? Wannan ce maganar da Maman Hanifa ta kawo.

Maman Hanifa: Allah ya saka miki da alheri Nas. Ita ce wallahi.

Malam Mai Littattafai: Ba mu ƙi wannan ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta canza kalma ɗaya, shi ke nan, mu tattauna sauran.

Sojan Kannywood: Ni abin da ke ba ni mamaki, mutum ya zauna kwana huɗu yana karanta rubutu a ƙasan allo yana kuka, amma in namu suka yi fim a kan maraya ko jinya sai a ce ba su iya ba. Kullum na waje ne mai kyau. Da Indiya ce, aka koma Turkiyya, aka koma Koriya, yanzu kuma Japan.

Bazazzagiya: Naku in an fara jinya a kashi na biyu, kashi na uku an yi waƙa, kashi na huɗu an gano kishiya ce ta yi asiri.

Sojan Kannywood: Sharri dai. Kuma Zazzagawa ku yi mana shiru a harkar fim, me kuka taɓa yi?

Bazazzagiya: Mu muka koyar da waɗanda suka koyar da ku. Je ka tambayi inda ake karatun wasan kwaikwayo a Samaru.

Mai Unguwa: Jama'a a kiyaye. Ba maganar Kano da Zariya ake ba.

Ɗan Damagaram: Bari in raba gardamar kalmar nan. Su Japanawa suna da tasu, gaman suke ce mata: ka daure abin da ba ya dauruwa ba tare da ka ɗora wa wani nauyinka ba. Ita aka yi ta ambato bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta watan Maris na 2011, lokacin da duniya ta ga mutanen da suka rasa gidajensu sun yi layi suna jiran ruwan sha ba turereniya. Kun ga su da kansu ba su ce tawakkali ba.

Malam Mai Littattafai: Madalla. Ka ga ɗan Nijar ya kawo hujja. Dauriya ke nan, kamar yadda na faɗa.

Ɗan Damagaram: Malam kar ka ja ni ɓangarenka tukuna. Ni cewa zan yi, mu da muke da kalmar tawakkali, a raba shinkafa a filin ƙwallo mu ga ko za a yi layi.

Abban Walid: A Nijar ko a Najeriya?

Ɗan Damagaram: Ka zaɓa.

Anti Talatu: Ni awarar ce ta tsaya min. Wai da gaske a Japan ana cin awara? Na ɗauka tamu ce.

Maman Hanifa: Anti ita ce sak, waken suya ne, tofu suke ce mata. Uban tun asuba yake tashi yana yi, 'ya'yan suna taya shi kafin su tafi makaranta.

Abban Walid: Mu a Kano ƙwai da ƙwai muke cewa.

Anti Talatu: Da yaji suke ci?

Mai Unguwa: Anti don Allah.

Ummu Sudais: Kuna ta wasa. Mutanen da kuke yabo fa ƙona gawarsu suke yi. Kusan kowa a ƙasar ƙona shi ake yi in ya mutu, sama da kashi 99 cikin 100. Dangi su tsaya su tsince ƙasusuwa da tsinke su zuba a tulu. Su ne za su koya mana yadda ake karɓar mutuwa?

Bazazzagiya: Wa ya ce mu koyi jana'izarsu? Cewa aka yi sun riƙe marar lafiyarsu da mutunci tana raye. Ke kin tsallake shekara goma na jinya kin tafi maƙabarta.

Ɗan Damagaram: Kuma suna da abin da ya yi kama da namu. A al'adarsu ta addinin Buda ana taruwa a yi wa mamaci addu'a rana ta bakwai, babban taron kuma rana ta 49. Kamar sadakar bakwai da ta arba'in.

Malam Mai Littattafai: To ka gani! Ka faɗa da bakinka. Mun daɗe muna cewa sadakar uku da bakwai da arba'in ba su da asali a sunna, ga shi ka nuna mana da wa ake kama.

Alhajin Ƙofar Mata: Malam ka tsaya nan. Tun safe ina karantawa ban sa baki ba. Iyayenmu da kakanninmu da malaman da suka kawo mana karatun nan duk sun yi sadakar arba'in, yanzu kai za ka haɗa su da masu bautar gunki saboda wani yaro ya kawo lissafin kwanaki? Su ma suna cin shinkafa, sai mu daina?

Malam Mai Littattafai: Alhaji, shinkafa ba ibada ba ce.

Alhajin Ƙofar Mata: Sadaka ga mamaci tana isa gare shi ko ba ta isa?

Malam Mai Littattafai: Tana isa. Sanya mata rana ne ba mu yarda da shi ba.

Alhajin Ƙofar Mata: Ku da wa?

Ɗan Damagaram: Ni dai na janye kwana 49 ɗina, ban san nan za ta kai mu ba.

Mai Unguwa: Dokar zaure ta hana rikicin Izala da Ɗariƙa. Na goge saƙo uku. Wanda ya sake zan fitar da shi na kwana biyu, ko wane ne.

Alhajin Ƙofar Mata: Nawa biyu ka goge, nasa ɗaya. Mun gani.

Sojan Kannywood: Kuma don ku sani, yarinyar da kuke wa kukan, ita jarumar, Erika Sawajiri, an kama ta da ƙwaya a Tokyo a 2019. Ga tawakkali nan.

Nas Hadiza: Wannan kuma me ya haɗa shi da maganar? Ita wasa ta yi. Mai labarin ta gaskiya sunanta Aya Kito, an haife ta a 1962, ta rasu a 1988 tana da shekara 25. Littafin da take rubuta abin da ke damunta kullum, har hannunta ya daina riƙe alƙalami, shi aka buga a 1986 tana raye, daga shi aka yi fim ɗin. Ƙarshen kowane kashi ma hotunanta na gaskiya ake nunawa.

Maman Hanifa: Hotunan nan su suka fi karya min zuciya. Akwai wanda take kan keken guragu tana dariya, wallahi dariyar ƙanina ce sak in ya dawo daga ƙarin jini yana so ya nuna mana ba komai.

Ummu Sudais: Amma saurayin nan da yake ta bin ta a fim ɗin, babu shi a littafin. Ƙirƙirarsa aka yi. To in sun ƙara saurayi, me ya hana su ƙara haƙurin iyayen? Kuna auna danginku na gaskiya da dangin da aka rubuta a takarda aka ba su kuɗi su yi murmushi.

Bazazzagiya: Nan kam kin faɗi magana. Amma da ita kika fara da ba mu kai nan ba.

Nas Hadiza: Ko a fim ɗin ai ba a ɓoye ba. Iyayen 'yan ajinsu Japanawa ne su ma, su suka matsa har ta koma makarantar naƙasassu. Ƙanwarta ma da farko haushi take ji an fi kula da yayarta. Ba mala'iku aka nuna ba.

Abban Walid: Ni na ji an ce Turkawa sun sake yin irinsa da yarensu a 2018. Ku kalli wancan mana, tunda su Musulmi ne, sai a huta da rigimar tawakkali.

Ummu Sudais: Ka taɓa ganin shigar matan fim ɗin Turkiyya?

Abban Walid: Na tuba.

Anti Talatu: Ni dai abu ɗaya zan ce, ban yi karatu mai zurfi ba. Wadda ta hana Maman Hanifa kukan ƙaninta ba ta kyauta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Ko ba haka ba ne, Malam?

Malam Mai Littattafai: Haka ne Hajiya, hadisin yana cikin Buhari. Kuma shi ne hujjata: dubi ƙarshensa, abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Nan tawakkalin yake.

Bazazzagiya: Ikon Allah. Duk inda aka bi sai Malam ya dawo da mu tasharsa.

Maman Hanifa: Shi ke nan, na janye. Ba tawakkali ba, ku sa duk kalmar da kuke so. Riƙon amana, tausayi, ko me. Yanzu za a amsa min? Me ya sa in ciwo ya daɗe a gida sai mu fara gajiya da mai shi, mu bar uwa ita kaɗai da shi, ranar da ya mutu kuma mu cika gida muna cewa a yi haƙuri?

Ummu Sudais: Alhamdu lillahi, tunda kin janye magana ta ƙare. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Maman Hanifa: Ba ta ƙare ba, yanzu na yi tambayar.

Alhajin Ƙofar Mata: Ni har yanzu ina jiran Malam ya gaya min su wane ne "mu".

Mai Unguwa: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita kamar yadda muka saba kafin in rufe. 'Yar uwarmu Maman Hanifa ta kalli fim ɗin waje ya taɓa mata zuciya, cikin ɗimuwa ta yi amfani da kalmar da ba ta dace ba. Malam Mai Littattafai da Ummu Sudais sun yi mata gyara na ilimi, da hujja daga harshe da hadisi, ita kuma ta karɓi gaskiya ta janye, Allah ya ƙara mata. Zaure ya gamsu cewa abin da ke wurin mutanen can dauriya ce kawai, kamar yadda ɗan uwanmu na Damagaram ya tabbatar. An kuma ja hankali a kan yawan kallon finafinan waje da raina na gida. Wasu sun so su karkatar da zancen zuwa ga al'adun da ba su da tushe, an tsawatar. Nas ta yi bayanin cutar, mun gode.

Ɗan Damagaram: Ni ban tabbatar da komai ba, Mai Unguwa. Karanta abin da na rubuta bayan nan.

Alhajin Ƙofar Mata: "Al'adun da ba su da tushe." Wannan ne taƙaitawar? Ka fito fili ka ce kai ɗalibin Malam ne mana.

Bazazzagiya: Yaushe zaure ya gamsu? An ƙirga hannu ina banɗaki ne?

Nas Hadiza: Tambayar Maman Hanifa ba ta shiga taƙaitawar ba ko da layi ɗaya.

Mai Unguwa: Wanda bai gamsu ba ya same ni ta gefe. Na rufe.

Anti Talatu: Kafin ka rufe. Maman Hanifa, saura kashi nawa ki gama?

Maman Hanifa: Uku, Anti.

Anti Talatu: Ki bari sai ranar Asabar, zan zo mu kalla tare, ke ki riƙa karanta min rubutun. Ki ce wa ƙanwar mijin naki ina gaishe ta.